Littafin aikin katin PSA na waɗanda suka gama gashin kansar furostet

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau aka fara aikin. Mu uku ne a kai: likitan da ke duba masu kansa ranar Talata, ma'aikaciyar jinya mai riƙe da rajista, da ma'aikacin ɗakin gwaji. Abu biyu muke son kammalawa kafin azumi. Na farko kati mai ninki biyu da duk wanda ya gama gashi, wato maganin kansa da haske mai ƙona ƙwayoyin cutar, zai riƙe a aljihu. Na biyu rajista a kwamfuta da za ta riƙa nuna mana wanda lambarsa ta fara hawa.

Asibitin nan ba shi da na'urar gashi. Mutanenmu suna tafiya Abuja ko Legas, wasu Masar ko Indiya, su dawo da takardar sallama, daga nan kuma bibiya ta dawo kanmu. Gwajin da bibiyar ta dogara a kai shi ne PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa, kaɗan daga cikinsa na shiga jini. Matsalar ita ce kowa na karanta lambar yadda ya ga dama, har da wasu ma'aikatan lafiya.

Mun tsayar da suna tun yau. A rediyo ana cewa kansar mafitsara, amma ba za mu sa haka a kati ba. Mafitsara jakar fitsari ce, tana da tata kansar dabam, kuma PSA bai shafe ta ba. Furostet wata 'yar tsoka ce mai kamar girman goro, a ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar fitsari. Furostet za mu rubuta.

Alhamis, 9 ga Janairu

An zaro fayil 41 na waɗanda suka gama gashi. Guda 14 ne kawai ke da abubuwa huɗun da ba a iya karanta PSA sai da su: ranar gashi na ƙarshe, irin gashin da aka yi, ko an haɗa da allurar homon (mai hana jiki yin sinadarin maza) da ranar allura ta ƙarshe, da darajar kansar daga gwajin tsokar da aka ɗiba tun farko. Sauran sai an bi su ta waya.

Wani matashi ya kawo takardun mahaifinsa a baƙar leda, takarda goma sha ɗaya daga ɗakunan gwaji huɗu. Uku daga ciki irin siririyar takardar nan ce ta na'ura, zafi ya cinye rubutun, sai an ɗaga ta a hasken taga ake ganin inuwar lamba. A ɗaya ba a iya bambance 0.9 da 09, ɗigon ya goge. Wannan ya sa muka ƙara doka ta farko a kati: a kwafe lambar da biro ranar da aka karɓe ta, a rubuta sifili kafin ɗigo, a kuma ɗauki hoton takardar da waya.

Wani abu ƙarami da ke rikita mutane: wasu ɗakunan gwaji suna rubuta ng/mL, wasu µg/L. Ma'auni ɗaya ne, ba a ninkawa ba a rabawa.

Talata, 14 ga Janairu

Zaman yau ya tafi ne kan abin da za a rubuta a fuskar farko ta katin, kuma shi ne zuciyar aikin.

Wanda aka yi wa tiyata an cire masa furostet ɗungurungum. Babu sauran abin da zai fitar da PSA, kuma wanda ke cikin jini yana raguwa da rabi duk kwana biyu zuwa uku, don haka cikin mako shida zuwa takwas ya kamata lambar ta ɓace. Wanda aka yi wa gashi kuwa furostet ɗinsa na nan. Gashi yana lalata ƙwayoyin kansa ta yadda ba za su iya hayayyafa ba, amma ba rana ɗaya suke mutuwa ba, kuma sauran lafiyayyar tsokar na ci gaba da fitar da ɗan PSA. Shi ya sa lambar ke sauka a hankali. Idan ba a haɗa da allurar homon ba, tana iya ɗaukar wata 18 zuwa shekara uku, wani lokaci ma fiye, kafin ta kai iyakar saukarta. Mutumin da ya fara da 14, ya sami 5 bayan wata uku, 2.3 bayan wata tara, yana kan hanya mai kyau, ko da bai ga sifili ba.

Lamba mafi ƙanƙanta da mutum ya taɓa samu bayan gashi, ita likitoci ke kira nadir. Mu mun raɗa mata lambar ƙasa. Ƙa'idar da ake aiki da ita ta fito ne daga taron ƙwararrun gashi da aka yi a birnin Finiks na Amurka a 2005, aka wallafa a 2006: idan PSA ya ƙaru da 2 ko fiye a kan lambar ƙasa, an ɗauka akwai alamar cutar ta motsa. Kafin ita ana amfani da ƙa'idar hawa uku a jere, wadda ta riƙa tayar da hankali kan ƙananan motsi marasa ma'ana. Saboda haka kowa da layinsa. Mai lambar ƙasa 0.3 layinsa 2.3. Mai 1.1 layinsa 3.1. Za a rubuta lambar ƙasa da fensir, domin duk ranar da aka sami wadda ta fi ta ƙanƙanta sai a goge, layin ma ya sauko.

Ga abin da ya fi damunmu. Kusan kowace takardar gwaji tana ɗauke da iyakar 0 zuwa 4 a gefe, wasu har da tambarin cewa sakamako lafiya lau. Wannan iyaka ta mutumin da ba a taɓa yi wa magani ba ce. A cikin fayil ɗin nan mun sami wani dattijo mai lambar ƙasa 0.6, sai 1.1, sai 1.9, sai 3.1, tsakanin kowace wata shida. Layinsa 2.6 ne, ya wuce shi tun Nuwamba. Duk takardun sun ce yana cikin iyaka, shi ma ya kwantar da hankalinsa bai dawo ba. Ma'aikaciyar jinya ta kira shi a gabanmu: "Baba, ina wuni? Likita na son ganinka ranar Talata, ka taho da takardun duka, kada ka bar ko ɗaya." Ya ce ai yaron lab ya ce masa babu komai. Ta ce, "Haka ne Baba, amma naka lissafin dabam ne, saboda gashin da aka yi maka." Ya ce zai zo.

Za mu sa a kati da manyan haruffa: iyakar 0 zuwa 4 ba taka ba ce.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kiran waya kawai. An samu mutum 11, lambobi 6 a kashe. An sayi babban littafin rajista, N5,500.

Alhamis, 23 ga Janairu

Asara ta farko. Katin gwaji guda 100 ya dawo daga wurin bugu, a kan N180 kowanne, kuma ba za a raba ko ɗaya ba. An ɗauko tsarin ne daga tsohon katin waɗanda aka yi wa tiyata, kuma a bayansa akwai layin da ke cewa idan PSA ya kai 0.2 a garzayo asibiti. Wannan gaskiya ne ga mai tiyata, idan an maimaita gwajin ya tabbata. Ga mai gashi kuwa 0.2 lamba ce da ake murna da ita. Da katin ya fita, da yawancin mutanenmu sun kwana cikin fargabar cutar ta dawo alhali babu abin da ya same su. Mu ukun duk mun karanta fuskar gaba kafin bugu, babu wanda ya juya baya. Daga yau mutum biyu za su sa hannu a kowace fuska.

Akwai rukuni ɗaya da 0.2 ɗin ke aiki a kansu, kuma dole a ware su: waɗanda aka fara yi wa tiyata, daga baya aka gasa gurbin. Ba su da furostet, don haka lissafin ƙara 2 ba nasu ba ne, ƙaramin hawa ma abin dubawa ne. Mun sami mutum uku irin haka a cikin 41. Za a sa jan layi a saman katinsu, a soke akwatin lambar ƙasa.

Zanen jadawalin ma bai yi ba. Mun ja shi daga 0 zuwa 20, sai duk lambobin da ke ƙasa da 2 suka cunkushe a gindin takarda, ba a ganin hawa ko sauka. Sabon zai tsaya a 5, kowane layi rabin lamba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Allurar homon. Fiye da rabin mutanenmu sun yi ta ko suna kan yi, kuma ita ce ta fi canza ma'anar lamba.

Kansar furostet tana rayuwa ne da sinadarin maza, testosteron. Allurar tana hana jiki yin sa. Wadda aka fi gani a nan ita ce goserelin, da aka fi sani da Zoladex, wadda ake sawa ƙarƙashin fatar ciki: 3.6 mg duk mako huɗu, ko 10.8 mg duk mako goma sha biyu. Masu matsakaicin haɗari akan ba su na wata huɗu zuwa shida tare da gashi, masu babban haɗari wata 18 zuwa 36. Muddin mutum na kan allurar, PSA kan faɗi warwas, sau da yawa ƙasa da 0.1. Abin farin ciki ne, amma ba shi ne hukuncin gashi ba, domin allurar ce ta danne lambar. Ainihin karatu yana farawa ne bayan an daina kuma testosteron ya farfaɗo, abin da kan ɗauki watanni, ga dattawa ko waɗanda suka daɗe a kai har shekara ɗaya zuwa biyu, wasu ma ba ya komawa yadda yake.

Idan ya farfaɗo, sauran lafiyayyar furostet na farkawa, PSA ya ɗan ɗaga. Akwai fayil da ya nuna haka sarai: ƙasa da 0.1 a lokacin allura, sai 0.4 wata tara bayan ta ƙarshe, testosteron kuma ya tashi daga 18 zuwa 240 ng/dL. An rubuta wa mutumin a wani wuri cewa PSA ya ninka sau huɗu, a koma allura. Bai kamata ba. Layinsa na wajen 2.1, kuma abin da ake jira shi ne lambar ta hau kaɗan ta tsaya.

Akasin haka shi ne mai hatsari: PSA na hawa alhali mutum na kan allura. Tambaya ta farko ita ce ranar allura ta ƙarshe, domin tsadar maganin na sa wasu su ja wata uku ya zama biyar ba tare da sun faɗa ba. Sai a auna testosteron. Idan ya haura 50 ng/dL, wato 1.7 nmol/L, allurar ce ba ta riƙe ba, a gyara wannan tukuna. Idan yana ƙasa da 50 kuma PSA na ci gaba da hawa, cutar ta fara bijire wa maganin, kuma ba a jiran ta kai layin ƙara 2, likitan masu kansa zai gani a makon. Wanda ke shan ƙwayar bicalutamide kaɗai, testosteron ɗinsa ba ya sauka, domin ita tare hanyar sinadarin take yi ba hana yin sa ba, don haka wannan awon ba ya aiki a kansa.

An ƙara ginshiƙai biyu a kati: ranar allura, da testosteron tare da ma'auninsa. A nan ma'auni na da muhimmanci, 18 a ng/dL mutum ne da allura ta danne, 18 a nmol/L mutum ne mai cikakken sinadari. A ɗebi jinin da safe.

Talata, 4 ga Fabrairu

An kai sabon tsari wurin bugu, 200 a kan N170, kwali mai kauri. Dattijon nan mai 3.1 ya zo tun makon jiya, an maimaita masa gwaji: 3.6.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mun gwada abin da muka daɗe muna zargi. Da izinin mutum uku, an raba jinin kowannensu gida biyu, aka aika ɗakunan gwaji biyu a rana ɗaya. Na farko ya ba da 0.8, 1.6 da 4.1. Na biyu ya ba da 1.0, 1.9 da 5.0. Jini ɗaya, sa'a ɗaya. Kuɗin gwaji shida N72,000, shi ne kashe mafi girma a aikin nan, kuma ya biya kansa.

Ba wai ɗaya ya yi kuskure ba. Na'urorin PSA ba a kan ma'auni ɗaya aka saita su ba. Waɗanda aka saita da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sukan ba da lamba ƙasa da na tsohon ma'aunin kamfanin Hybritech da wajen kashi 20 cikin 100. Mutumin da ya yi gwaji a can wannan karon, a nan karo na gaba, zai ga hawa ko saukar da babu ita a jikinsa. Doka ta biyu a kati ke nan: ɗakin gwaji ɗaya, kuma a rubuta sunansa gefen kowace lamba. Idan dole ta sa an canza, a ja layi, a ɗauki sabuwar lambar a matsayin sabon mafari, kada a yanke hukunci sai an sami ta biyu daga wuri ɗaya.

Ma'aikacin gwaji ya rubuta wa ƙananan asibitocin da ke aiko mana da jini ƙa'ida: a raba ruwan jinin cikin awa uku, a sa a firji idan za a auna cikin awa 24, idan zai wuce haka a daskarar. Kwalbar da ta yini a aljihun direba ba a karɓa. Ya kuma ja hankali kan abu biyu. Kati mai layi biyu irin na gwajin zazzaɓi, wanda ke nuna ko an haura 4 ko ba a haura ba, ba shi da wani amfani ga mai gashi. Haka ma gwajin da ake kira free PSA, wanda wasu ke haɗawa su caji ƙarin kuɗi: amfaninsa kafin a gano cutar ne, bayan magani ɓarnar kuɗi ce.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Rajistar Excel ta ba da matsala biyu, duka sun ci yini guda. An sa ta ta zaɓo lamba mafi ƙanƙanta ta ƙara 2. Amma duk inda aka rubuta ƙasa da 0.1 da alama, wato <0.1, kwamfuta na ɗaukarsa rubutu ne ba lamba ba, sai ta tsallake shi. Mutumin da lambar ƙasarsa ba ta kai 0.1 ba sai ta ba shi 0.7, layinsa ya koma 2.7 maimakon 2.1. Fayil tara abin ya shafa. Gyara: ginshiƙi ɗaya na abin da takarda ta ce harafi da harafi, wani na lamba zalla don lissafi.

Na biyu kwanan wata. Kwamfutar na kan tsarin Amurka, wata kafin rana, sai 4/11 ya zama 11 ga Afrilu maimakon 4 ga Nuwamba, jerin gwaje-gwaje ya birkice, sauka ta koma hawa. An canza saiti, kuma a kati za a riƙa rubuta sunan wata da haruffa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Kati ya iso, an duba fuska huɗu, an raba 12 na farko.

Yau muka rubuta bayanin tsallen PSA, wanda ya fi kowane sashe wuyar faɗa wa mutum ido da ido. Bayan lambar ta yi ta sauka, sai ta ɗaga haka kawai, ta yi watanni, ta koma da kanta ba tare da magani ba. An fi ganin haka tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu bayan gashi, an fi ganinsa ga masu ƙarancin shekaru, da waɗanda aka dasa wa 'yan ƙwayoyin gashi a cikin furostet, amma yana faruwa bayan gashin na'ura ma, ko na zama 37 zuwa 40, ko na zama 20 cikin mako huɗu, ko na zama biyar. Yawanci hawan bai kai 1 ba. Ba alamar dawowar cuta ba ne. Muna da misali a fayil: mai shekara 58, an dasa masa ƙwayoyin a Indiya, lambar ƙasa 0.5, a wata na 16 ta koma 1.2, bayan wata uku 0.9, bayan wata shida 0.4.

Wahalar ita ce ranar da aka ga 1.2 babu wanda zai iya rantsewa tsalle ne. Lokaci ne kaɗai ke bambancewa, tsalle na komawa, cuta na ci gaba. Abin da za a yi shi ne a sake gwaji bayan wata uku a wuri ɗaya, kuma kafin nan a bincika abubuwan da ke ɗaga PSA ba tare da kansa ba: cutar hanyar fitsari, kumburin furostet, toshewar fitsari, sa robar fitsari, ko leƙa mafitsara da na'ura. Wanda ke jin zafin fitsari a gwada fitsarin, a yi magani, a jira mako shida kafin a auna PSA. Kwana biyu kafin gwaji a dakata da saduwa da iyali da aikin ƙarfi irin doguwar tafiya a keke.

Akwai kuma masu sauke lambar ta ƙarya. Finasteride da dutasteride, da ake bayarwa don kumburin furostet kuma ake samu a kemis cikin sauƙi, suna rage PSA da kusan rabi bayan wata shida zuwa shekara. Ƙwayar biotin mai ƙarfi, ta gyaran gashin kai da farce, na iya sa wasu na'urori su karanta ƙasa da gaskiya. An bar sarari a bayan kati don duk abin da mutum ke sha, har da na gargajiya. A tambaya a hankali, domin idan aka yi da faɗa ba za a faɗa ba.

Babbar ɓarnar da muke gudu ita ce a ga tsalle a firgita a fara allurar homon. Lambar za ta faɗi, kowa ya ce magani ya yi, mutum kuma ya shiga zufa, kasala, raunin ƙashi da mutuwar sha'awa a kan cutar da ba ta dawo ba, kuma an rufe hanyar gane gaskiya.

Talata, 25 ga Fabrairu

An ƙara lissafin lokacin ninkawa a rajista, wato watanni nawa lambar ke ɗauka ta zama biyunta. Ana ninka yawan watanni da 0.693, a raba da ln (wani maɓallin lissafi a kalkuleta) na sabuwar lamba bisa tsohuwa. Kalkuletar waya na yi idan aka kwantar da ita. Ga dattijon nan: 1.1 zuwa 3.1 cikin wata 12. 3.1 raba 1.1 ya ba da 2.82, ln ɗinsa 1.04, 12 sau 0.693 ya ba da 8.3, a raba da 1.04, wata takwas ke nan. Sharuɗɗa: aƙalla lamba uku, daga ɗakin gwaji ɗaya, cikin aƙalla wata uku, kuma ba a lokacin da testosteron ke farfaɗowa ba. A kan ƙananan lambobi irin 0.05 zuwa 0.1 ba ma yin lissafin, ɗan kuskuren na'ura ya isa ya ninka su.

Wuce layi ba hukuncin mutuwa ba ne, kuma ba duka ke da nauyi ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai tana sa mutum a rukunin babban haɗari idan ya wuce layi cikin wata 18 da gama gashi, ko kuma darajar kansarsa ta farko 4 ce ko 5, wato 8 zuwa 10 a makin Gleason, makin da ake ba tsokar da aka ɗiba. Wanda ya wuce bayan shekara shida, da daraja ta 2, lambar na ninkawa cikin shekara biyu, ana iya ci gaba da sa masa ido. Wanda ke ninkawa cikin ƙasa da wata tara, ba a ɓata lokaci.

Mataki na gaba neman inda cutar take ne, ba fara magani a makance ba: hoton MRI na furostet, hoton ƙashi da CT, ko hoton PSMA PET wanda ya fi su gani a ƙananan lambobi, ga wanda zai iya kaiwa gare shi. Idan a furostet kaɗai take, akwai sauran damar magani na biyu a wurin. Ɗiban tsoka kafin shekara biyu da gashi yana iya yaudara, domin ana iya ganin ƙwayoyin kansa da ke kan hanyar mutuwa a ɗauka rayayyu ne. An rubuta wa dattijon takardar komawa cibiyar da ta yi masa gashi, da jerin lambobinsa biyar a shafi ɗaya.

A ƙasan kati, cikin ja, alamun da ba sa jiran kowace lamba: ciwon baya mai tsanani da ke hana barci, nauyi ko mutuwar ƙafa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko toshewar fitsari gaba ɗaya. Wannan asibiti ne a ranar, ko da dare ne, domin idan cutar ta danne lakar baya awoyi ne ke raba mai tafiya da wanda ba zai sake tashi ba.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar, an mayar da ɗiban jini ƙarfe 8 zuwa 10 na safe. PSA ba ya buƙatar a ƙi cin abinci, kuma azumi ba ya hana a yi shi.

An cika shafin sauran gwaje-gwaje. Allurar homon kan sauke ƙarfin jini (haemoglobin) kaɗan, wajen 1 zuwa 2 g/dL, wannan sananne ne. Idan ya faɗi fiye da haka a tambayi jini a bayan gida, domin gashi kan taɓa dubura, kuma zubar na iya farawa watanni ko shekaru bayan an gama. Kada a ce basir ne a wuce, a duba. Sukari da kitsen jini suna hawa a kan allurar, don haka a auna su kafin farawa, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Creatinine, gwajin aikin ƙoda, na nuna ko fitsari na komawa yana danne ƙoda. ALP, wani sinadarin jini da ƙashi da hanta ke fitarwa, idan ya hau tare da PSA da ciwon ƙashi, a nemi hoton ƙashi, amma shi kaɗai hanta ma na ɗaga shi. Mai shan bicalutamide a duba hantarsa a watannin farko.

Jadawalin PSA da muka ɗauka: na farko ba kafin mako shida da gama gashi ba, mu mun sa wata uku. Sannan duk wata shida har shekara biyar, daga nan sau ɗaya a shekara. Masu babban haɗari da waɗanda lambarsu ta motsa, duk wata uku. Gwaji kowane wata ba ya ƙara komai sai fargaba da kashe kuɗi.

Litinin, 10 ga Maris

Lissafi zuwa yau: katin da ya lalace N18,000, sabon bugu N34,000, rajista N5,500, katin waya N9,000, gwajin kwatanci N72,000. Jimla N138,500.

An raba kati 29. Fayil 33 sun cika, 8 har yanzu babu ranar gashi ko ranar allura, biyar daga ciki ba a samu a waya ba. Mutum huɗu suna saman layinsu, an tura uku, na huɗun yana da cutar fitsari, za a sake auna shi ranar 22 ga Afrilu. Mutum biyu muna zaton tsalle ne, gwajinsu na gaba a watan Mayu.

Bayan sallah za a yi bugun ajami na fuskar farko, domin dattawa shida sun ce da shi suka fi karatu. Za a kuma zauna da ɗakunan gwaji biyun nan a roƙe su su ƙara layi ɗaya a takardarsu, cewa iyakar 0 zuwa 4 ba ta shafi wanda aka yi wa gashi ko tiyata ba. Ɗaya ya riga ya amsa a waya, ɗayan ya ce sai an kawo a rubuce. Wasiƙar na hannun likita, za a kai ranar Alhamis.